Sinawa sun ɗaure bakin aljihu, kuma ba rowa ba ce

A watan Satumban 2023 wani matashi mai suna Li Jiaqi ya yi ɓarin bakin da ya kusa cinye masa sana'a. A lokacin babu wanda ya kai shi iya tallan kai-tsaye ta intanet a duk faɗin ƙasar Sin. Yana zama gaban kyamara da dare, miliyoyin mutane na kallonsa ta waya, duk abin da ya ɗaga ya ce a saya, kafin ya ajiye shi ya ƙare. Janbaki ne ya yi masa suna. Ran nan yana tallan jagira ta wani kamfanin cikin gida, Florasis, a kan yuan 79 na kuɗin Sin, wato wajen dala 11, sai wani daga cikin masu kallo ya rubuto cewa kayan nan fa kullum ƙara tsada suke yi. Ɗan kasuwar da ya san kansa dariya zai yi ya wuce. Shi kuwa sai ya harzuƙa, ya ce ina tsadar take, ya kuma ƙara da cewa wani lokacin kamata ya yi mutum ya tuhumi kansa, ya duba ko albashinsa ya ƙaru a 'yan shekarun nan, ko kuwa ma bai dage da aiki ba.

Kafin gari ya waye an yi masa ca. Mabiyansa sama da miliyan 1 suka watse, ya dawo gaban kyamara yana hawaye yana ba da haƙuri. Da a 2017 ya yi wannan magana, ina kyautata zaton da yawa za su haɗiye ta, don a lokacin kowa na ganin albashin baɗi zai fi na bana. A 2023 kuwa ya fama gyambo ne. Mutane na aiki tun safe har dare, albashi bai motsa ba, gidan da suka zuba duk abin da suka mallaka a cikinsa darajarsa na zubewa, sannan wani yaro da ya yi kuɗi da aljihunsu ya ce laifinsu ne.

Masu sharhi kan kasuwar Sin sun rabu biyu. Wasu na cewa Sinawa sun waye, sun daina bautar kayan Turawa, kishin ƙasa ya motsa. Wasu na cewa a'a, talauci ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, tattalin arzikin ya fara tangal-tangal. Ni a ganina abubuwa biyu ne daban suka faru a lokaci guda, ake cakuɗa su. Na farko buɗewar ido ce, abu ne mai kyau, kuma ba zai koma baya ba. Na biyu tsoro ne, kuma gwamnatin Beijing ce ke da maganinsa a hannu amma take ta kewaye-kewaye. Wanda bai raba su ba zai yi ta yabon abin da ya kamata a yi wa kuka.

A fara da buɗewar idon. Shekaru talatin da suka wuce, sunan kamfanin waje a Sin shi ne shaidar inganci, kuma da dalili. Volkswagen ya shiga Shanghai tun 1984, motarsa Santana ta zama motar jami'an gwamnati da 'yan tasi. Starbucks, kamfanin Amurka mai sayar da gahawa, ya buɗe shagonsa na farko a Beijing a 1999, a ƙasar da shayi ne abin shanta tun kaka da kakanni, kuma abin da yake sayarwa a gaskiya kujera ce da za ka zauna a gan ka. Sai kuma abin da ya faru a 2008, lokacin da aka gano an zuba sinadarin melamin a madarar jarirai ta kamfanin Sanlu da wasu. Jarirai 6 suka mutu, kusan 300,000 suka kamu da ciwo. Daga nan duk uwar da ke da hali ta daina yarda da madarar gida. Sinawa suka riƙa tsallakawa Hong Kong suna kwashe ta gwangwani-gwangwani, har a 2013 hukumomin can suka kafa doka cewa ba wanda zai fita da fiye da gwangwani 2. Wanda ya ga wannan ba zai ce wa Basine mai son kayan waje yana da ƙasƙancin kai ba. Ransa yake karewa.

Abin da ya canza shi ne kayan gida sun gyaru, a wasu fannonin ma sun wuce na waje. BYD, wanda Wang Chuanfu ya kafa a Shenzhen a 1995 yana yin batirin waya, ya daina ƙera motar da fetur kaɗai ke tuƙa ta a 2022. A 2023 ya ture Volkswagen daga matsayin motar da aka fi saya a Sin, a 2024 ya sayar da mota sama da miliyan 4. A watan Yulin 2024, a karon farko, fiye da rabin sabbin motocin da aka saya a ƙasar masu lantarki ne ko masu haɗa lantarki da fetur. Matashin da ke Chengdu ba don ya ƙi Jamus ya bar motar Jamus ba. Ya shiga ɗakin baje-koli ne ya ga wadda ta fi ta kayan zamani a ciki, ta fi sauƙin ciyarwa, kuma kuɗinta bai kai nata ba.

Labarin gahawa ya fi ba ni mamaki. Luckin kamfani ne da aka kama dumu-dumu a 2020 ya ƙirƙiro cinikin ƙarya na sama da yuan biliyan 2, aka kore shi daga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq a Amurka. Kowa ya yi masa salla. Bayan shekara uku cinikinsa a Sin ya wuce na Starbucks. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce: ɗan ƙaramin shago, kusan babu wurin zama, ka yi oda ta waya, ka zo ka ɗauka ka wuce, kofi ɗaya yuan 9.9 a ranar rangwame, alhali na Starbucks ya haura 30. Shagunansa sun wuce 20,000 a 2024. A watan Nuwamban 2025 Starbucks ya sanar zai sayar da har kashi 60 cikin 100 na harkarsa ta Sin ga wani kamfanin zuba jari mai suna Boyu. Can ƙasa da su duka kuma akwai Mixue, da ya faro daga 'yar rumfar ƙanƙara a Zhengzhou a 1997, yana sayar da askirim a yuan 2, ruwan lemon tsami a yuan 4. Yanzu yawan shagunansa a duniya ya wuce 45,000, ya zarce na McDonald's, kuma kusan duk kuɗinsa daga sayar wa masu shagunan kayan haɗi da injina yake samu, ba daga kofin da ke hannunka ba.

Ina kishin ƙasa a cikin wannan? Yana nan, amma wutar kara ce. A Maris ɗin 2021 an yi wa H&M da Nike ƙauracewa saboda abin da suka faɗa kan audugar yankin Xinjiang na Sin, kamfanonin kayan sawa na gida irin su Anta da Li-Ning suka ci moriyar abin. To amma a daidai waɗannan shekarun shagunan Sam's Club, mallakar Walmart na Amurka, cika suke yi maƙil da Sinawa masu biyan kuɗin rajista a shekara don kawai a bar su su shiga su yi sayayya. Ranar da Costco, wani babban kantin Amurka, ya buɗe a Shanghai a 2019 sai da aka rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba saboda turmutsitsi. Ashe ba asalin kaya ake tambaya ba. Tambayar ita ce, abin da na biya ya yi daidai da abin da na samu? Wanda ya amsa ta da kyau, ɗan gida ne ko baƙo, shi ke ciniki. Mu da muka taso muna jin araha ba ta ado, sai ga al'umma mai mutum biliyan 1.4 ta yanke shawarar cewa tsada ma ba ta ado. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Pinduoduo, wani kamfanin sayayya ta intanet, shi ne ya fara gane inda iska ta dosa. Colin Huang ya kafa shi a 2015, lokacin da manyan kasuwannin intanet, Alibaba da JD, ke tseren kama masu kuɗin manyan birane. Shi kuwa ya nufi ƙauyuka da ƙananan garuruwa, da tsari irin na watanda: ka ga kaya, ka tura wa 'yan'uwa da abokai ta manhajar hira ta WeChat, in kun taru kun kai adadi farashi ya sauko, kowa ya ɗauki rabonsa. 'Yan birni suka yi ta yi masa dariya suna cewa kasuwar jabu ce ta ƙauyawa. A ƙarshen Nuwamban 2023 darajarsa a kasuwar hannayen jari ta wuce ta Alibaba, domin 'yan birnin da ke dariya su ma sun sauke manhajar a wayoyinsu. Shi ne kuma uban Temu, manhajar da ke sayar wa ƙasashen waje kayan araha. Shi kuwa Alibaba, wanda ya mayar da ranar 11 ga Nuwamba bikin sayayya tun 2009, yana haska jimillar ciniki a katafaren allo kowace shekara, ya kai yuan biliyan 540 a 2021, daga 2022 sai ya daina faɗin adadin. Ɗan kasuwa ba ya ɓoye lissafin da ke faranta masa rai.

A nan ne buɗewar ido ta ƙare, tsoro ya fara.

Yawancin dukiyar iyalan Sin, kusan kashi 70 cikin 100 bisa ƙiyasin da aka fi ambata, a gida take. Ba a hannun jari ba, ba a kasuwanci ba, a bulo da siminti. Shekara ashirin farashin gida na hawa, kuma a wurare da dama saurayin da ba shi da gida ba ya samun mata, don haka iyaye da kakanni kan haɗa abin da suka tara a biya kafin alƙalami. Gidajen ma sau da yawa tun ba a gina su ba ake sayar da su. A 2020 gwamnati ta ɗaure wa kamfanonin gine-gine hannu kan cin bashi, a ƙarshen 2021 ɗaya daga cikin manyansu, Evergrande, ya kasa biyan masu binsa, da nauyin da ya haura dala biliyan 300 a wuyansa, a Janairun 2024 kotun Hong Kong ta ce a wargaza shi. Country Garden ya bi sahu wajen kasa biya. A daminar 2022 mutane a birane da yawa suka yi barazanar daina biyan bashin banki a kan gidajen da aka karɓi kuɗinsu aka bar su kango. Ka ɗauki mutumin da albashinsa bai ragu da ko kwabo ba, amma ya san gidan da ya saya ya faɗi ƙasa da abin da ya biya, bashin kuma yana nan yadda yake. Wannan mutumin zai fasa canza mota, zai fasa kai iyali gidan abinci mai tsada, zai sha gahawar yuan 9.9. Ba wayewa ce ta kai shi ba.

Kuɗin bai ɓace ba, banki ya tafi. A 2022 kaɗai ajiyar iyalai a bankuna ta ƙaru da kusan yuan tiriliyan 18, jimillarta kuma ta haura tiriliyan 150 a ƙarshen 2024. A watan Mayun 2025 manyan bankuna suka sauke ribar ajiyar shekara ɗaya zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100, mutane ba su fasa ajiyewa ba. Matasa kuma suka koma sayen 'yan ƙwayoyin zinari masu nauyin giram ɗaya-ɗaya suna tarawa a kwalba. Wanda ke ajiye kuɗi a inda ba ya haihuwa ba riba yake nema ba, mafaka yake nema.

Mafaka daga me? Daga tsufa, da farko. Tsofaffi sama da miliyan 170, galibinsu manoma, suna kan tsarin fanshon da matsakaicin abin da yake bayarwa yuan 200 ne da 'yan kai a wata, alhali ma'aikacin birni da ya yi ritaya na karɓar sama da 3,000. Sai tsarin rajistar asali da ake kira hukou, wanda ke nan tun 1958. Kusan mutum miliyan 300 sun baro ƙauye suna aiki a masana'antu da wuraren gini, su suka gina Shenzhen da Shanghai da hannunsu, amma da yawansu takardarsu na cewa su 'yan ƙauye ne, don haka makarantar gwamnati ta birni da cikakken tallafin asibiti ba nasu ba ne kai-tsaye. An sassauta dokar a ƙananan birane, a manyan kuwa ƙofa na nan a ƙunce kaɗan. Sai kuma gadon dokar haihuwar ɗa ɗaya, da ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. Miji da mata, kowannensu shi kaɗai iyayensa suka haifa, ga tsofaffi huɗu a kansu, babu wa, babu ƙane, babu wanda za a kira a ce kawo naka a haɗa kuɗin asibitin Baba. Ka ce wa irin waɗannan su saki jiki su yi sayayya?

Matasan ma ba su tsira ba. A watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin 100. Hukumar ƙididdiga ta dakatar da fitar da adadin, da ta dawo da shi bayan wasu watanni ta cire ɗalibai daga lissafi. Aure ya ragu zuwa kusan miliyan 6.1 a 2024, faɗuwar kusan kashi ɗaya cikin biyar a shekara guda. Yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa tun 2022. Duk auren da ba a ɗaura ba gado ne da firji da labule da ba a saya ba.

Na san abin da za a ce: ai Sinawa dama can mutane ne masu tattali, al'adarsu ce. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman ga tsofaffin da suka ga yunwar 1959 zuwa 1961. Amma al'ada ba ta hana 'ya'yansu yin layi a shagunan Louis Vuitton a Faris shekaru goma da suka wuce ba, lokacin da Sinawa suka zama manyan masu sayen kayan alatu na duniya. Al'adar ba ta canza tsakanin 2019 da 2023 ba. Abin da ya canza shi ne yadda mutum ke hangen gobensa.

Za a kuma nuna mini Labubu, 'yar tsanar nan mai haƙora ta kamfanin Pop Mart da aka yi ta kokawa a kanta a 2025, har wata babba aka yi gwanjonta a Beijing a kan sama da yuan miliyan 1. Za a nuna mini yadda matasa suka yi tururuwa zuwa garin Zibo a 2023 don cin gasasshen nama, da yadda suka cika Harbin da sanyin hunturu. A ce, ga masu tsoron naka suna watsa kuɗi. To a duba girman abin da ake saya. 'Yar tsana, tsiren nama, tikitin jirgin ƙasa na kwana biyu a kwana a masauki mai araha. Yarinyar da ta lissafa ta ga ko ta shekara talatin tana tari ba za ta mallaki ɗaki a Beijing ba, me zai hana ta faranta ranta da abin yuan 100? Manyan buri ne suka gagara, aka koma ƙanana.

Yanzu a zo kan arahar kanta, wadda ita ce ta fi ruɗar mutane. Idan mai saye ya ƙi sakin kuɗi, masana'antu kuma suna ta ƙaruwa saboda kowane lardi na son nasa kamfanin mota da nasa na batir, abin da ke biyo baya yanka farashi ne har jini ya fito. Farashin kaya a bakin masana'anta ya fara sauka a Oktoban 2022, ya shekara uku yana sauka. A Mayun 2025 BYD ya sauke ƙaramar motarsa Seagull zuwa yuan 55,800, ƙasa da dala 8,000. Abin sha'awa ne ga mai saye. Amma a watan da ya biyo baya sai da aka sa manyan kamfanonin mota suka yi alkawarin biyan masu kawo musu kayan haɗi cikin kwana 60, wanda ke nuna maka tsawon lokacin da suke riƙe wa mutane kuɗi a da. A daminar 2025 kuma Alibaba da JD da Meituan suka shiga yaƙin kai abinci gida, Alibaba kaɗai ya ware yuan biliyan 50 na rangwame, aka wayi gari ana raba shayin madara kusan kyauta, masu shaguna na haɗa oda har hannu ya gaji ba riba, 'yan babur na gudu da agogo a kansu. Hukuma ta kira kamfanonin ta ja musu kunne, Meituan ya rufe watanni uku na Yuli zuwa Satumba da asara. A 2024 ma ƙananan 'yan kasuwa sun yi zaman dirshan a ofishin Temu da ke Guangzhou kan tarar da ake yanka musu.

Cikon kuɗin wannan araha daga jikin wani yake fita. Kamfanin da ribarsa ta ƙafe zai rage albashi ko ya sallami ma'aikata, ma'aikacin ya koma gida ya ƙara ɗaure aljihu, ya nemi abin da ya fi araha, wani kamfanin ya sake yanka farashi. Mai sayen da ke murnar rangwame da dare shi ne ma'aikacin da ake matsa wa da safe. Shi ya sa ba na tafi idan na ji ana cewa a Sin komai banza ne.

Abin da Sinawa ba su saya ba kuwa dole ya sami inda za shi, kuma a nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 2024 abin da Sin ta sayar wa duniya ya zarce abin da ta saya da kusan dala tiriliyan 1, a 2025 ya haura hakan. Amurka ta sa harajin kashi 100 cikin 100 kan motocin lantarkinta, Tarayyar Turai ta ƙara nata. Ruwan da aka tare ta gabas da yamma kudu yake gangarowa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ko Yiwu ya san masu masana'anta sun fi sauƙin kai a ciniki yanzu. Farantan sola sun yi arahar da mai shagon caji a ƙauye ke iya ɗora su a kan rufi, kuma wannan alheri ne na gaske a ƙasar da wuta ba ta zama. Ba zan raina shi ba. Sai dai wanda ya san yadda masaƙun Kaduna da Kano suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya san kuma wace atamfa ce ta cika kasuwa a bayansu, zai gane cewa duk mai mafarkin kafa masana'anta a Sharaɗa ko Bompai yau ba da ƙwazon Sinawa kaɗai yake takara ba, har da kayan da aka rasa mai saye a can aka turo su ko nawa ne.

In kana son ganin ƙarfin bakin Basine idan ya buɗe shi, dubi jaki. Akwai wani magani mai danƙo da ake kira ejiao, da fatar jaki ake dafa shi, cibiyarsa gundumar Dong'e a lardin Shandong. Da na masu sarauta ne. Da masu matsakaicin hali suka samu kuɗi suka fara sayensa don ƙarin jini da gyaran jiki, jakunan Sin suka ragu daga kusan miliyan 11 zuwa ƙasa da miliyan 2, dillalai suka bazo Afirka. Farashin jaki ya tashi a kasuwanni irin su Maigatari har ya fi ƙarfin mai ɗiban ruwa da mai kai taki gona. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Sha'awa ɗaya ce tak ta wani ɓangare na masu saye ta yi wannan. Riɗin da ake nomawa a Nijar da Jigawa ma da yawansa can yake nufa. Da talakan Sin zai sami sukunin cin abin da ransa ke so, manominmu zai ji a aljihunsa, kuma kwantenonin da ake juyo mana za su ragu.

Shugabannin Sin sun san duk wannan. Tun 2007 firaminista Wen Jiabao ya faɗa a bainar jama'a cewa tattalin arzikin ƙasar ba shi da daidaito kuma ba zai ɗore a haka ba. A 2020 wanda ya gaje shi, Li Keqiang, ya tuna wa duniya cewa Sinawa miliyan 600 na rayuwa a kan kusan yuan 1,000 a wata. Har yau abin da iyalai ke kashewa bai kai kashi 40 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, alhali a Amurka ya kusa 70. Matsalar ba ta rashin sani ba ce, ta zaɓi ce. Shugaba Xi Jinping ya yi gargaɗi a 2021 kan tallafin da zai riƙa ciyar da malalata, kuma zuciyar gwamnatinsa na wajen masana'anta, batir, jirgin ƙasa mai gudu da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ina iya fahimtar dalilin ƙasar da ke ganin Amurka na neman shaƙe ta. Amma dattijuwar da ta shekara arba'in tana dashen shinkafa a Hunan ba malalaciya ba ce, kuma ita ce za ta kashe duk abin da aka ba ta a cikin watan, ɗanta da ke aiki a birnin Dongguan kuma ya rage abin da yake ɓoyewa saboda ita.

Maimakon haka sai aka fito da shirin kawo tsoho ka ɗauki sabo: gwamnati ta biya maka wani kaso in ka canza firji, injin wanki, mota ko waya. An ware yuan biliyan 150 a 2024, aka ninka zuwa 300 a 2025. Ciniki ya motsa, ba musu. To amma wanda ya sayi firji bana ba zai sake saya baɗi ba, cinikin gobe aka jawo yau, kuma in ka duba da kyau masana'anta aka tallafa ta hannun mai saye. An kuma fara ba iyaye yuan 3,600 a shekara kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 3, wanda mataki ne a hanyar da ta dace ko da bai taka kara ya karya ba. A ɗaya hannun kuma an ɗaga shekarun ritaya daga Janairun 2025, na maza zai tashi a hankali daga 60 zuwa 63.

Duk watan Maris firaminista kan karanta rahoton aikin gwamnati a babban zauren taro na Beijing, 'yan jarida su ruga su buga adadin bunƙasar da aka sa a gaba. Ni layin da nake nema yana can ƙasa, inda ake faɗin ƙarin da aka yi wa mafi ƙarancin fanshon manoma. A 2024 an ƙara yuan 20 a wata. A 2025 aka sake ƙara yuan 20, ya zama 143. Ƙarin bai kai dala 3 ba, kofi biyu ne na gahawar Luckin a ranar rangwame.